Yadda za ka sayi babur mai caji a Birnin Kebbi, ka riƙe shi ba tare da batir ya cinye ribar ba

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000, tambayar babur mai caji ta ƙi ƙarewa. Malaman makaranta, ma'aikatan sakatariyar Gwadangaji, ɗaliban da ke zirga-zirga a hanyar Kalgo, har 'yan kabu-kabu, duk wanda ya tare ni abu biyu yake son ji: nawa ne, kuma kilomita nawa yake yi? Waɗannan biyun mai shago zai amsa maka su da fara'a. Amma a Kebbi abin da ke nuna ko sayen zai yi maka rana shi ne batir, da zafin garin, da wurin da za ka riƙa yin caji. Shi ya sa a jerin da ke tafe shiga shago ya zo a mataki na 6.

Mataki na 1: Auna hanyarka

Ka yi mako guda kana rubuta kilomitar da kake yi kowace rana, ko da mitar babur ɗinka na fetur, ko da Google Maps a waya. Kada ka tsaya kan gida zuwa wurin aiki kawai. Saka kai yara makaranta, cefane a babbar kasuwa, masallacin Juma'a, da gaisuwar rasuwa da ke faɗowa ba shiri. Ɗauki ranar da ta fi kowace yawa ka ƙara mata rabi: idan 20 ce, babur ɗin da zai yi 30 ba tare da wahala ba kake nema.

Sannan dubi ƙasar da kake bi. Wanda hanyarsa kwalta ce daga Gesse zuwa ofis ba ɗaya yake da wanda sai ya ratsa yashin lungu kafin ya hau titi ba. Yashi, goyon mutum na biyu, buhun shinkafa a baya, hawa irin na yankin Zuru, kowannensu yana rage kilomita.

Hattara: kilomitar da ke jikin takardar talla an auna ta ne da mutum guda mara nauyi, a shimfiɗaɗɗen titi, cikin tafiyar sannu. Ka zabge kashi ɗaya cikin uku daga cikinta kafin ka fara lissafi.

Mataki na 2: Nemo inda za ka yi caji

Batir mai 20Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) da cajar da ke ba da 3A (A ma'aunin wutar da caja ke turawa ne) yana son awa 7 zuwa 8 daga ƙasa zuwa cika. Tambayi kanka tsakani da Allah: unguwarku tana samun wutar Kaduna Electric ta tsawon haka a jere? Idan ana kawowa awa uku a ɗauke, ba laifi, cajin zai ci gaba idan an dawo da ita, amma sai ka san jimillar awannin sun isa abin da kake ƙonawa kullum.

Mai sola ya fi kowa more wannan babur, sai dai akwai tarko. Caja tana jan wat 200 zuwa 250, cikakken caji kuma yana cin kusan yunit ɗaya da rabi na mitar gida. Batirin gida mai 12V 200Ah, abin da ya kamata a ciro daga cikinsa bai fi yunit ɗaya da ɗan ƙari ba. Ke nan idan ka jona babur da dare, kafin asuba fanka ta tsaya, firij ya mutu, uwargida ta fara tambayar wa ya kawo wannan abu gidan. Cajin sola da rana ake yi, lokacin da faifan ke samun hasken da ya isa. Faifai biyu masu wat 300 kowanne za su ɗauki caja har da rara. Matsalar ita ce da rana babur yana wurin aiki. Mafita biyu ce: ko ka nemi izinin caji a inda kake aiki, ko ka sayi mai batirin da ake cirowa, ka samu na biyu, ɗaya na hanya ɗaya na caji a gida.

Hattara: kada ka tayar da janareta domin babur kawai. Ƙaramin inji zai sha lita uku ko fiye kafin batir ya cika, fetur ɗin da zai kai babur na mai sama da kilomita 100. In dai injin yana kunne saboda wani aiki, to ka jona, ka ci arziki.

Mataki na 3: Zaɓi irin da ya dace da kai

Iri uku ne a kasuwa. Akwai keke mai feda da ɗan inji a cibiyar taya, wat 250 zuwa 500, batir 36V ko 48V, gudunsa wajen kilomita 25 zuwa 30 a awa. Shi ne mafi ƙarancin cin wuta, kuma idan caji ya ƙare ka taka da ƙafa ka isa gida. Ga ɗalibi, ko mai son motsa jiki da yamma, ban ga wanda ya kai shi ba.

Akwai na tsakiya mai siffar roba-roba, wat 800 zuwa 1,500, batir 60V ko 72V, gudun 40 zuwa 50. Shi aka fi saya, kuma shi ne misalina a sauran bayanin. Dubi girman taya da kyau: mai inci 10 yana nutsewa cikin yashi, yana faɗawa kowane rami da ƙarfi. Inci 14 zuwa sama ya fi dacewa da lungunanmu.

Na uku babban babur ne mai kama da Boxer, wat 2,000 zuwa sama, 72V. Shi kaɗai ne zai iya aikin kabu-kabu, shi ma sai da batir na biyu.

Hattara: kamfanoni irin su Spiro suna aiki da tsarin musayar batir, ka kai wanda ya ƙare a ba ka cikakke a tasharsu. Tsari ne mai kyau inda tashar take. Kafin ka sayi irin wannan babur daga wani gari ka kawo shi Kebbi, ka tabbatar akwai tasha kusa da kai, ko kuma ana iya cajinsa a gida.

Mataki na 4: Batir

A nan kuɗinka yake, don haka zan daɗe.

Fara da koyon karanta lambobi biyu. Ninka V da Ah, ka samu yawan wutar da batirin ke ɗauka: 60V sau 20Ah ya ba da 1,200Wh, wato yunit 1.2 na mitar gida. Babur na tsakiya yana cin kusan 30Wh a kowace kilomita. Ba a kwashe batir ƙarƙaf, don haka lissafa da kashi 80 cikin 100, wato 960. Raba da 30, ka samu kilomita 32. Idan mai shago ya ce wannan batirin yana yin 80, kai dai ka riƙe 32 ɗinka a zuci. Keke mai feda yana cin 10 zuwa 15Wh, babban babur 40 zuwa 50.

Batir iri biyu ne. Na dalma, wanda wasu ke kira busasshen batir, guda-guda ne masu 12V da ake jerawa: huɗu su ba da 48V, biyar 60V, shida 72V. Za ka ga an rubuta 6-DZF-20 ko 6-DZM-20 a jikinsu, ma'ana 12V 20Ah. Kowanne ya kai kilo 6 zuwa 7, biyar ke nan sun haura kilo 30 a ƙarƙashin kujera. Yana da araha, ana samunsa, ba ya saurin kama wuta. Amma cajin 300 zuwa 500 ne rayuwarsa, zafi kuma yana rage ta sosai. Ga mai hawa kullum a garin da watannin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, ka sa rai da shekara guda zuwa guda da rabi. Shi kashi 80 ɗin nan ma ya yi masa yawa. Ya fi son a tsaya a rabi.

Na litiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na wancan, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Shi ma gida biyu ne. Na gama-gari yana yin caji 800 zuwa 1,000 idan na kirki ne. Wanda aka rubuta wa LiFePO4 ko LFP yana haura 2,000, ya fi jure zafi, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. In aljihu zai iya, LFP nake ba kowa shawara a Kebbi. In ba zai iya ba, na fi son ka sayi na dalma mai suna da ka sayi litiyum ɗin da ba a san uwarsa ba a san ubansa ba. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya ƙone gida.

Kowane batirin litiyum na ƙwarai yana da ɗan allon tsaro a ciki, BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya wuce kima, ko ya yi ƙasa da kima, ko zafi ya yi yawa. Ba ka ganinsa, amma ka tambaya, ka ga yadda mai shagon zai amsa.

Hattara: akwai batiran da ake haɗawa a bayan shago da ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci, a naɗe da shuɗiyar leda, a manna takarda mai lamba babba. Sikeli yana tona su. Litiyum mai 60V 20Ah na gaske yawanci ba ya gaza kilo 6, LFP kuma ya fi haka nauyi. Wanda ka ɗaga da yatsu biyu, lambar jikinsa ƙarya ce.

Mataki na 5: Yi lissafin da mai shago ba zai yi maka ba

Kuɗin caji da sauƙi. A watan Afrilu 2024 aka kai yunit ɗin masu wutar rukunin A, wato Band A, naira 225. Ko da wannan farashi mai tsada, yunit ɗaya da rabi bai kai naira 340 ba, kuma wanda ke rukunin ƙasa yana biyan abin da bai kai rabin haka ba. Duba rasit ɗin mitarka ka ga naka. Babur na fetur mai yin kilomita 40 da lita zai ci kashi 8 cikin 10 na lita a kilomita 32. Idan muka ce lita naira 900 ce, naira 720 ke nan.

Har nan mai caji ne a gaba. Amma batir kaya ne mai ƙarewa, kuma duk cajin da ka yi ka gutsuri kuɗinsa. Tambayi farashin sabon saiti a yau, ka raba da yawan cajin da zai yi. Bari in sa lambobi na misali kawai, kai ka musanya da abin da aka faɗa maka: saitin dalma naira 150,000 raba 350, kowane caji ya ci naira 430. Haɗa da 340 na wuta, ka ga 770, ya wuce fetur. LFP na naira 400,000 raba 2,000, naira 200 ne. Haɗa da wuta, 540. Mai sola ko mai wutar rukunin ƙasa kuma ya rage fiye da haka. Sai ka tuna babu baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireta, babu layin gidan mai.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne babur mafi araha a shago sau da yawa shi ne mafi tsada a hanya. Kuma ko wanne ka saya, ka buɗe asusu tun ranar farko, kana jefa kuɗin batir kullum kamar yadda kake sayen mai a da. Yawancin baburan da ke jingine a zaure ƙura ta rufe su lafiyarsu ƙalau, kuɗin sabon batir ne ya zo wa mai su a dunƙule.

Mataki na 6: Ranar saye

Tafi da mutum biyu in za ka iya: mai gyaran sola ko inbata da mitarsa ta auna wuta, da wani mai nauyin wanda ka saba goyawa.

Ka nemi a cika batir kafin ka zo. A buɗe ƙarƙashin kujera ko matakar ƙafa ka ga batirin da idonka. Na dalma, a auna kowanne shi kaɗai: cikakke wanda ya huta yana nuna 12.8 zuwa 13. Idan huɗu na nuna 12.9 ɗaya na nuna 12.3, wannan ɗayan zai ja sauran ƙasa. Dubi ranar da aka buga a samansa. Wanda ya fi wata shida a ajiye ba caji ya riga ya fara lalacewa tun bai taka titi ba. Dubi gefensa ko ya kumbura, da kan wayoyin ko akwai farin gari.

Karanta bayan caja. Lambar da ke wurin dole ta dace da batir: litiyum na gama-gari mai 48V yana son 54.6V, mai 60V yawanci 67.2V, mai 72V kuma 84V. Na LFP da na dalma lambobinsu daban ne. A jona a gabanka ka ga fitila ta yi ja, fankar ciki ta tashi.

Sannan gwaji. Idan ka ji an ce, "Alhaji, wanga sabo ne dal, ba ya son gwaji," ka ce, "Na yarda, maigida, amma bari mu ɗan zagaya da yaronka." Ku hau ku biyu, ku yi kamar kilomita 5, ku bi ta yashi da ɗan hawa. Ka sa ido kan allon caji lokacin da ka murɗa totur: layi ɗaya ya sauka ya dawo, ba komai, uku su ɓace lokaci guda, batirin ba shi da ƙarfi. Kama birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar inji yana yankewa da zarar ka taɓa. Da kun tsaya ka ɗora hannu a cibiyar tayar baya. Ɗumi daidai ne, zafin da ba ka iya barin hannu ba daidai ba ne.

Tambaya ta ƙarshe ita ce kayan gyara: kwantirola (akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji), totur, caja, taya da tiyub, a ina ake samu, kwana nawa suke yi kafin su iso daga Kano ko Legas? Garanti kuma a rubuce, na batir daban, na inji daban.

Hattara: idan ta Facebook ko WhatsApp ka ga tallar, kada ka tura kuɗi duka kan hoto da bidiyo. Ka wakilta wanda ka sani ya je ya gani, ya auna. Na hannu kuma ka yi cinikinsa kamar ba shi da batir, domin jikin na iya ƙyalli batirin yana kan gargara.

Mataki na 7: Takardu

Rasit mai ɗauke da lambar jikin babur da lambar inji. Idan ta iyakar Benin ko Nijar ya shigo, takardar kwastan. Na tsakiya da babba ka ɗauke su babura kamar kowane babur: je ofishin harajin jiha ka yi maganar lamba, ka nemi lasisi. Hular kwano doka ce ga masu babur tun Janairu 2009, kuma kwalta ba ta tambayar ko da fetur ka faɗi ko da caji.

Mataki na 8: Cajin yau da kullum

Mai doki ba ya shayar da shi ruwa yana huci daga sukuwa. Ka dawo gida, ka bar babur a inuwa rabin awa zuwa awa guda kafin ka jona. Litiyum ba a cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma a bazarar Birnin Kebbi, batirin da ya yi tafiyar azahar a ƙarƙashin baƙar kujera ya wuce nan. Dare da sassafe sun fi. Mai sola da dole sai da rana, ya nemi wuri mai iska, ba shagon kwano rufaffe ba.

Tsarin da aka saba: fara soka caja a jikin babur, sannan a bango; idan ya cika, fara cirewa daga bango. In takardar babur ɗinka ta faɗi wani tsari, bi nata. Ajiye caja a ƙasan siminti, kada a kan kujera ko katifa, kada a rufe ta da zane. Soket ya zama mai kamawa da kyau. Wayar ƙari ta naira kaɗan mai siririn ciki ita ce ke fara narkewa. In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, sa sitabilaiza, kuma idan an ɗauke wuta ka cire caja, ka jira 'yan mintuna bayan an dawo da ita.

A nan iri biyun suka rabu, kuma mutane suna cakuɗa dokokinsu. Na dalma yana son cika: ka yi masa caji duk ranar da ka hau, kada ya kwana biyu a ƙasa, domin wani farin gishiri yana taruwa a farantan ciki wanda ba ya narkewa. Idan fitila ta koma koriya, ƙara masa awa guda ka cire. Litiyum kuwa ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da 80 ko 90. Ka riƙa cika shi sarai lokaci-lokaci, kamar sau ɗaya a mako, domin BMS ya daidaita ƙwayoyin. Idan za ka yi doguwar tafiya, Umara ko aikin wata guda a wani gari, bar litiyum a rabi, bar na dalma a cike, ka kashe makunnin da ke ƙarƙashin kujera, ka sa wani ya ƙara wa na dalma caji duk wata.

Hattara: kada ka ari cajar maƙwabci don bakinta ya shiga. Cajar dalma a kan litiyum hanyar gobara ce. Kada ka yi caji a ɗakin kwana, ko a ƙofar da ita kaɗai ce mafita, ko kusa da jarkar fetur da buhunan shinkafa. Idan batir ya kumbura, ko yana tsaki, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, cire daga bango, in bai fara hayaƙi ba a fitar da shi fili nesa da kaya. In ya fara, kada kowa ya tsaya ɗaukarsa: fitar da yara, a nisanci hayaƙin domin guba ne, a kira 'yan kwana-kwana. Ko ya mutu yana iya sake tashi, don haka ya kwana a waje.

Mataki na 9: Hawa

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne tashi. Babu kulochi, babu ƙara, ƙarfin yana zuwa nan take. Fara da giya ta 1, wato mataki mafi ƙasa a maɓallin zaɓen gudu, a fili, kamar filin makaranta da yamma, har hannunka ya saba. Murɗa totur a hankali ita ce kuma babbar hanyar adana caji. Tashi da fizga da gudun ƙarshe su ke shanye batir. Giya ta 2 ta ishe ka cikin gari.

Shirun nan da ake yabo shi ne haɗarinsa. Almajiri mai tsallaka titi, tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli, akuya, ɗan kabu-kabun da zai juya ba sigina, duk da kunne suke sanin babur na zuwa, kai kuma ba ka da sauti. Yatsanka ya zauna kusa da hon, fitila a kunne tun magariba ba ta yi ba. A babban titi ka kama gefenka, ka san cewa ba ka da gudun da za ka tsere wa tirela.

Ga wani abu da na ga ya kusa yin ɓarna a ƙofar wani gida: mutum ya tsaya gaisawa, makulli a kunne, ɗansa na tsaye a gaba tsakanin ƙafafunsa. Yaron ya kama abin da hannunsa ya kai, totur ne, babur ya yi tsalle sai da ya daki dakali. Babur na fetur da ke kunne kowa na jin sa, wannan kuwa kunne da kashe duk shiru ne. Duk tsayuwa, ko ta sallama ce, kashe makulli. Babbar riga, zane da dogon hijabi a tattare su a cinya kafin a tashi, tayar baya ba ta da tausayi.

A yashi mai zurfi kada ka dage da totur tayar na tono. Wuta ce ke kwarara ba motsi, kwantirola ke ɗaukar zafin. Sauka ka tura. Da damina, yayyafi da ruwan sama na tafiya ba matsala ga babur mai kyau, amma ruwan da ya kai cibiyar taya, irin wanda ke kwanciya a lunguna a watan Agusta, ka zagaye shi. Idan ya riga ya shiga, kada ka kunna, kada ka yi caji, sai an buɗe an busar.

Wurin ajiya kuma inuwa, ko da za ka ƙara taku ashirin. A masallaci da kasuwa kulle wuya bai isa ba. Sa sarƙa a taya, kuma batirin da ake cirowa ka sa masa kwaɗo na biyu, domin ɓarawo ya san inda kuɗin yake.

Mataki na 10: Kulawa

Iskar taya duk mako, gwargwadon lambar da ke gefenta. Taya mai laushi tana cin caji, tana kuma gayyatar ƙaya. Birki yana saurin cinyewa saboda nauyi da rashin giyar da za ta riƙe babur, don haka a duba shi duk wata. Noti-noti a ɗaure su bayan makon farko. Wanki da tsumma da bokiti. Injin wanki mai feshi yana tura ruwa cikin inji da mahaɗar wayoyi. Da hunturu ka busa ƙurar da ke fankar caja da ramin caji, ka riƙa rufe murfinsa.

Hattara: facin tayar baya. Wayar inji tana fitowa ne ta cikin sandar cibiya, kuma mai facin da bai saba ba zai kwance noti ya fizgo taya, wayar ta tsinke daga ciki. Ka tsaya a kansa. A kashe makunni, a cire mahaɗar wayar tukuna, a lura da yadda wasoshin suke a jere domin a mayar da su haka. Sau da yawa ma ana iya zaro tiyub ta gefe a yi facin ba tare da an sauke tayar ba.

Gyaran taya, birki da jiki na makanikin babur ne. Abin da ya shafi wuta, mai gyaran inbata ya fi shi gane kansa. Kada ka yarda a cire BMS ko a haɗa fis da waya don babur ya tashi.

Mataki na 11: Fita shan iska

Bayan la'asar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bin bakin fadama a kan abin hawan da ba ya ƙara wani daɗi ne daban: kana jin injin ban ruwa daga nesa, kana jin hirar wanda ka goya. Dokar fita ɗaya ce, ka juyo tun allon bai kai rabi ba, domin rabin ƙasa ya fi saurin zubewa, kuma iskar da ta tura ka a tafiya ita za ka fuskanta a dawowa.

Masu mafarkin zuwa Argungu su ga Matan Fada da gidan tarihin Kanta su tuna tafiyar ta haura kilomita 50. Batirin 1,200Wh ba zai kai ba. Sai mai 72V da Ah 32 zuwa sama, da wanda zai ba ka soket na awanni a can, ko kwana. Riƙe caja, famfon hannu, kayan faci da ruwan sha. Kafin ka bar kwalta ka shiga hanyar ƙauye, tambayi mutanen wurin halin tsaro da ko akwai dokar hana babura a wasu lokuta, kuma ka dawo da sauran haske.

Mataki na 12: Idan batir ya tsufa

Alamarsa, kilomita ta ragu zuwa rabi, caji yana cika da wuri yana ƙarewa da wuri, ko caja ta ƙi komawa koriya batir yana ta zafi. Wannan ta ƙarshe kada ka yi mata jinkiri, cire nan take.

Na dalma a canza saitin gaba ɗaya, iri ɗaya, ranar bugu ɗaya. Sabo guda a cikin tsofaffi huɗu wata biyu zuwa uku zai koma kamarsu. Idan za ka koma litiyum a wannan gaɓar, V ya zama daidai da na da, caja kuma sabuwa.

Tsofaffin batiran kuɗi ne. Mai sayar da sababbi ko masu sayen tsofaffin ƙarafa za su karɓa su rage maka farashi. Kada ka bar su a tsakar gida, kada a fasa su ko a narka dalmar a gida. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalmar ita ce dai a cikin batirin. Litiyum da ya mutu a naɗe bakin wayoyinsa da salatif, a ajiye shi a inuwa nesa da ɗaki har a kai wa dillali, kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.